Yadda Ake Gane Silikon A Gajimaren Da Ke Tsakanin Taurari

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin kimiyya ne a sakandare. Na karanta cewa an gano molekul masu ɗauke da silikon a gajimaren gas da ke tsakanin taurari, abin ya ɗaure mini kai. Silikon dai shi ne a yashi da dutse da gilashi, to ta yaya zai zama gas a wurin da aka ce sanyinsa ya wuce misali? Sannan babu wanda ya je can ya ɗebo, da me aka tabbatar shi ne ba wani abu ba? Ɗalibaina sun tambaye ni, na rasa amsar da ni kaina zan gamsu da ita."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka ƙi ba yaran amsar da ba ta kwanta maka ba. Tambayar taka gida biyu ce: me ya kai silikon cikin gas a wuri mai tsananin sanyi, kuma wace hujja ake da ita cewa shi ɗin ne. Zan fara da ta biyun, don sai an san yadda awon yake kafin a ga inda ta farkon ta dosa. Amma tun yanzu in gaya maka, mamakinka yana kan hanya. A mafi yawan gajimaren nan silikon yana daskare a cikin ƙura, kamar yadda hankalinka ya ba ka. Duk inda muka same shi yana yawo a gas, to wani abu ya auku a wurin, kuma neman wannan abin shi ne rabin aikinmu.

Gajimaren da ake magana kusan duka haidirojin ne da hiliyam, sai ƙura wadda nauyinta bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. A cikinsa mai duhu sanyi yakan kai digiri 263 ƙasa da sifiri. Inda muke ce wa mai kauri, za ka sami molekul dubu goma zuwa dubu ɗari a cikin kurtu mai faɗi da tsawo da zurfin santimita ɗaya. Iskar da kake shaƙa tana da kimanin 25 da sifiri 18 a bayansa a irin wannan kurtun. Girma ne ya sa ake jin gajimaren, domin haske kan yi shekaru kafin ya ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan.

Kowane molekul da zangonsa

SiO ƙwayar zarra biyu ce, silikon ɗaya da oksijin ɗaya, ɗaure da juna. A sarari yana juyi kamar katantanwa, sai dai bai isa ya yi juyi da duk saurin da ya ga dama ba. Dokar ƙananan abubuwa, wadda ake kira kwantam, ta yanka masa matakai kamar na tsani: ko yana mataki na ɗaya, ko na biyu, ko na uku, babu tsayawa a tsakani. In haidirojin ya bangaje shi sai ya hau, in ya sauko mataki guda sai ya saki rarar ƙarfin a matsayin igiyar rediyo. Yana iya yin haka ne saboda cajin lantarkinsa ya karkata: oksijin ya janye elektron zuwa ɓangarensa, sai molekul ɗin da ke juyi ya zama 'yar ƙaramar eriya. Wannan karkata ta SiO ta ninka ta CO (kabon ɗaya da oksijin ɗaya) kusan sau talatin, shi ya sa muryarsa ke fitowa ko da shi kaɗan ne.

Kamar yadda kowace tashar rediyo take da zangon da ake kama ta, haka kowace saukowa take da nata, kuma nauyin ƙwayoyin biyu da tazarar da ke tsakaninsu ne suke yanke shi. Saukowar SiO daga mataki na ɗaya zuwa ƙasa tana kan gigahaz 43.424 (gigahaz ɗaya shi ne kaɗawar igiya sau biliyan ɗaya a daƙiƙa). Daga na biyu zuwa na ɗaya, 86.847. Daga na uku zuwa na biyu, 130.269. Ka lura tazarar kusan ɗaya ce. Cire oksijin ka sa sulfa, wanda ya fi nauyi, sai ka sami SiS, tazararsa ta koma kusan 18.15. CO kuwa matakinsa na farko yana 115.271. Waɗannan lambobin a ƙasa aka auna su, a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake samar da molekul ɗin a cikin bututu a auna zangonsa da ƙwarewar da ta kai kashi ɗaya cikin miliyan ko fiye. Akwai manyan kundaye biyu da kowa ke dubawa, ɗaya a Jami'ar Kolon ta Jamus, ɗaya a cibiyar JPL ta Amurka.

Saura a juya faranti, wato babbar eriyar kama igiyar rediyo, zuwa sama. Na'urar tana raba abin da ta kama zuwa dubban ƙananan zanguna, ta zana ƙarfin kowanne. Inda molekul yake magana sai zanen ya yi tsini, shi muke kira layi. A 1970 Robert Wilson da Keith Jefferts da Arno Penzias suka kama CO a gajimaren Oriyon da faranti mai faɗin mita 11 da ke kan dutsen Kitt Peak a Arizona. A 1971 su da abokan aikinsu, ciki har da Patrick Thaddeus, suka kama layi a wajajen gigahaz 130 daga Sagittarius B2, ƙaton gajimare kusa da tsakiyar galaksinmu, nisan tafiyar haske ta fiye da shekara 25,000. Suka ce SiO ne. Layi ɗaya tal suke da shi a lokacin, kuma maganar ta ƙara zama da gindinta ne da aka kama na 86.8 a shekarar da ta biyo.

Layi ɗaya ba hujja ba ce

A nan zan daɗe kaɗan, domin nan ne tambayarka ta "da me aka tabbatar" take cizo. Gajimare yana tafiya, ko yana nufo mu ko yana gudun mu, kuma wannan yana tura layi gaba ko baya. A kan gigahaz 86.8, gudun kilomita 1 a daƙiƙa yana matsar da layi megahaz 0.29 (megahaz dubu ne gigahaz ɗaya). Ke nan duk tsinin da ka gani za ka iya ƙaƙaba masa sunan da kake so, in dai ka yarda ka ƙirƙiro masa gudu. A wuri irin Sagittarius B2, inda layukan ɗaruruwan molekul suka cunkushe har suna hawa kan juna, yin hakan ba wuya.

Don haka ga abin da nake nema kafin in sa hannu a kan sakamako. Layukan molekul ɗin su fito da yawa, kuma duka su nuna gudu ɗaya, wanda ya yi daidai da gudun da aka riga aka sani na gajimaren. Ƙarfinsu ya tafi da ma'ana, ta yadda zafi ɗaya da kauri ɗaya za su iya bayyana su duka. In akwai layin da lissafi ya ce ya kamata ya fito amma babu shi, sai an faɗi dalili, in ba a iya ba maganar ta rushe. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne ɗalibai suka fi mantawa, saboda ido yana bin abin da ke nan, ba ya neman abin da ya ɓace.

Silikon kuma ya zo mana da wata shaida mai daɗi. Iri uku ne a halitta: mai nauyin 28, wanda shi ne kusan kashi 92 cikin 100, mai 29 kusan kashi 5, mai 30 kusan kashi 3. SiO da aka gina da mai 29 ya ɗan fi nauyi, yana juyi a hankali, layinsa ya sauka zuwa 85.759. Na mai 30 yana 84.746. In ka ga babban layi a 86.847, ka ga ƙannensa biyu raunana daidai inda lissafi ya ajiye su, da gudu ɗaya da siffa ɗaya, to ba wani molekul da zai kwaikwayi wannan da tsautsayi. Har ƙari suke yi mana: in ƙannen sun fi yadda ya kamata ƙarfi, mun san babban layin ya cika ya toshe kansa, sai mu yi lissafin yawa da ƙananan.

Na taɓa shafe kwana biyu ina murna da wani ɗan tsini da ya fito kusa da inda nake jiran layin wani molekul mai silikon. Na'urar karɓar da muke amfani da ita tana jin zanguna biyu a lokaci guda, ana danne ɗayan amma dannewar ba ta cika ba. Muka ɗan matsar da saitin na'urar muka sake dubawa, sai tsinin ya matsa ta ɓangaren da bai kamata ba. Ashe wani layi ne mai ƙarfi daga ɗaya zangon ya leƙo. Tun daga nan ba na yarda da rarraunan layi sai na gan shi a saiti biyu.

Sauran wahalar ta haƙuri ce. Siginar tana da rauni, hayaniyar na'ura da ta iska suna rufe ta, kuma in kana son rage hayaniya da rabi sai ka ninka lokacin kallo sau huɗu. Tururin ruwa yana shanye waɗannan igiyoyi, shi ya sa ake hawa duwatsu busassu: farantin IRAM mai mita 30 yana kan tsaunin Pico Veleta a Sifaniya, ALMA kuma da eriyoyinta 66 tana kan tudun Chajnantor a Chile, mita 5,000 sama da teku.

To me ya fitar da shi daga ƙura?

A sararin samaniya, cikin kowace ƙwayar haidirojin 100,000 akwai silikon kamar 3. Ba kaɗan ba ne. Da duk yana gas, da layin SiO ya cika ko'ina. Amma da aka nemi SiO a gajimare masu duhu da sanyi irin su TMC-1 a ƙarshen shekarun 1980, ba a same shi ba, kuma awon ya nuna ko yana nan bai wuce 'yan ƙwayoyi cikin tiriliyan ba. Wato abin da ke gas bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na silikon ɗin da ya kamata a gani ba. Sauran yana cikin ƙwayoyin ƙura, haɗe da oksijin da magniziyam da ƙarfe, dangin ma'adinan da ke cikin duwatsunmu. Wannan ma ana ganinsa: hasken infared (wanda ido ba ya gani) na tauraron da ke bayan gajimare yakan zo da giɓi a tsawon igiya na maikiron 9.7 da 18 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kuma haɗin silikon da oksijin a daskararren abu ne ke cin hasken a nan.

Yanzu ka kawo tauraron da ake haifa a tsakiyar irin wannan gajimare. Yayin da yake haɗiyar gas, yana kuma feso wani ta kansa da ta ƙasansa, tsiri biyu masu gudun kilomita goma-goma har ɗaruruwa a daƙiƙa. Inda tsirin ya daki gas ɗin da ke kwance sai a yi karo. Ƙwayoyin ƙura suna ɗauke da caji, maganaɗisun gajimaren yana riƙe da su, gas marar caji kuma yana wuce su da gudu yana yi musu ruwan duka. Hiliyam da ƙwayoyin da suka fi shi nauyi suna ɓantaro silikon ɗaya bayan ɗaya daga jikin ƙurar. Lissafi ya nuna sai gudun karon ya kai wajen kilomita 25 a daƙiƙa kafin wannan ɓantara ta kama ainihin dutsen. Ƙura da ƙura ma suna gwabzawa su farfashe. Silikon ɗin da ya kuɓuta ba ya daɗewa shi kaɗai, yana haɗuwa da O2 ko OH ya zama SiO. A irin wuraren nan, kamar tsirin L1448 da L1157 da HH 211, yawan SiO yana iya haurawa har ninki miliyan a kan na gas ɗin da ke gefe.

Ka ga zafi bai narkar da dutse ya mai da shi tururi ba. Duka ne ya fasa shi ƙwaya-ƙwaya, kuma tunda wurin kusan fanko ne, molekul ɗin yana yawo na tsawon lokaci kafin ya sake cin karo da ƙurar da zai manne wa. Daga baya yakan koma, ko ya daskare a jikin ƙura ko ya ƙara oksijin ya zama SiO2, cikin dubban shekaru. A lissafin taurari wannan ƙiftawar ido ce. Shi ya sa ganin SiO yake gaya mana karon sabo ne.

Akwai wani abu da ban taɓa gajiya da kallonsa ba. Megahaz 93 kacal ƙasa da layin SiO akwai layin wani molekul, H13CO+, a 86.754, sukan fito a zane ɗaya. Shi wannan yana zaune a gas mai natsuwa, layinsa siriri kamar allura. Na SiO kuwa a gefensa ya baje, da fikafikai masu faɗin kilomita goma-goma a daƙiƙa. Wuri ɗaya kake kallo, amma ɗaya yana ba ka labarin gas ɗin da ke kwance, ɗayan na wanda ake tumurmusawa.

Sai dai labarin bai tsaya cak haka ba. An sami wuraren da SiO ya bazu da siririn layi, ba alamar gudu. Bayani uku ake kawowa. Ko tsohon karo ne da ya lafa, gas ya rage gudu amma SiO bai gama komawa ba. Ko gajimare biyu ne suke gugar juna a hankali. Ko kuwa wani kaso kaɗan na silikon yana cikin ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙurar, wadda ɓare ta ba ya buƙatar duka mai ƙarfi. Ni na fi karkata ga cewa na ukun yana da hannu a yawancinsu, domin ƙaramin kaso ma ya isa ya ba da abin da ake gani, kuma yana tafiya tare da na biyun ba tare da saɓani ba. Amma awon da ake da shi bai raba gardamar ba tukuna.

Ba dukkansu ne a tsakanin taurari ba

Wata gyara da ya kamata ka kai wa ɗalibanka. Jerin molekul masu silikon da ake cewa an gano "a sararin samaniya" ya haura goma, amma yawancinsu daga wuri ɗaya aka same su: bargon gas da ke kewaye da wani tsohon tauraro, IRC+10216, nisan tafiyar haske ta kusan shekara 400. A wannan tauraron kabon ya fi oksijin yawa, CO ya kwashe kusan duk oksijin ɗin, sai silikon ya koma haɗuwa da sulfa da kabon da naitirojin. Can aka sami SiS a 1975, SiC da SiC4 a 1989, SiN a 1992, Si2C a 2015. Kusa da tauraro akwai zafi, silikon yana gas tun asali kafin ya daskare. Nan ne ake ƙera ƙurar da daga baya take watsuwa cikin gajimare.

Labarin SiC2, silikon ɗaya da kabon biyu, ya cancanci a ba yara. Tun 1926 Paul Merrill ya ga wasu giɓɓa a hasken taurari masu kabon, a 1956 aka danganta su da SiC2. Amma an ɗauka ƙwayoyinsa uku a jere suke kamar sanda, don haka zangunan rediyon da aka lissafa masa ba su dace da komai ba. A 1984 gwajin leza ya nuna alwatika ne. Da aka sake lissafi da sabuwar siffar, sai Thaddeus da abokan aikinsa suka ga ya faɗa daidai kan wasu layukan IRC+10216 da suka daɗe ba suna. Shi ne molekul mai zobe na farko da aka tabbatar a sararin samaniya. A ainihin gajimaren tsakanin taurari kuwa sai 2023 aka ba da rahotonsa, a G+0.693 kusa da tsakiyar galaksi, yankin da karo ya yi yawa.

Kusa da tsofaffin taurari masu oksijin SiO yana yin wani abin kuma. Yakan ƙarfafa igiyarsa da kansa, irin aikin leza amma a zangon rediyo. Lewis Snyder da David Buhl suka fara ganin haka a 1974, sai dai a Oriyon ne, inda ake haifar taurari, kafin a gan shi a tsofaffin. Ƙarfinsa da ƙanƙantar wurin da yake fitowa sun sa da shi muke gwada ko farantinmu yana kallon inda muka ce ya kalla.

Maganar cewa ba wanda ya ɗebo, akwai ɗan sauƙi a ciki. A 1987 aka ware ƙananan ƙwayoyin silikon kabaid daga cikin duwatsun da suka faɗo daga sama. Rabon nau'o'in kabon da silikon a cikinsu bai yi kama da na komai a tsarin ranarmu ba, ya dace da na irin waɗancan tsofaffin taurarin. Dutsen da ya faɗo a Murchison ta Ostireliya a 1969 yana ɗauke da su, wasunsu sun girmi rana.

Inda hanyar take tsayawa

Rediyo kurma ne ga molekul ɗin da cajinsa ya daidaita. SiO2 a gas miƙaƙƙe ne, oksijin a kowane gefe, ba karkata, ba layi. Ke nan ɗaya daga cikin wuraren da muke zaton silikon yana komawa bayan karo ba ma iya auna shi ta wannan hanya. SiH4 ma haka, sai da hasken infared aka gan shi a 1984, kuma wannan yana buƙatar fitila mai ƙarfi a bayan gas ɗin. Molekul ɗin da ba a auna a ɗakin gwaji ba kuwa, ko layinsa yana gabanmu ba za mu iya kiran sunansa ba.

Ka kuma bambance wa yara "akwai shi" da "nawa ne". Na farkon muna da tabbaci mai ƙarfi. Na biyun ya fi rauni, domin haidirojin ɗin da muke kwatantawa da shi ba ya magana a sanyi, sai an bi ta CO ko ƙura an ƙiyasta shi. SiO kuma ba ya haskawa sosai sai gas ya kai kaurin dubu ɗari zuwa miliyan a kurtun nan, don haka lissafin yawansa ya rataya a kan kaurin da muka ɗauka. Kuskuren ninki uku abu ne da aka saba, wani lokaci har goma.

In kana son su taɓa abin da hannunsu, ba su 43.424 su ninka sau biyar. Za su sami 217.120, alhali layin da aka auna yana 217.105. Giɓin nan ba kuskure ba ne: da molekul ya ƙara saurin juyi, haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin biyu yana ɗan miƙewa, juyin ya ɗan ja baya. Sannan ka ce musu an kama layi a 86.844 maimakon 86.847, su raba megahaz 3 da 0.29. Za su sami kilomita 10 da ɗoriya a daƙiƙa, kuma tunda zangon ƙasa ya yi, gajimaren nesa da mu yake tafiya.